Daga Tambuwal Zuwa Duwatsun Dakarkari

Wanda ya tashi daga Sakkwato ya kama hanyar Jega, in ya yi tafiyar mil 60 ko kusa da haka, sai ya iske Tambuwal. Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu shi ne ya zauna garin nan bayan jihadi, ya mai da shi ribaɗi, zuriyarsa kuwa su ke riƙe da sarautarsa. Ribaɗi, watau garin da a kan kafa a bakin iyaka domin tsaro. To, in an ce bakin iyaka, sai mai hankali ya tambaya, su wane ne ke bayan iyakar? Ta yamma dai kowa ya sani, Kabawa ne, waɗanda suka ta da kai cikin shekara ta 1849 a ƙarƙashin Yakubu Nabame, aka yi ta gwabzawa da su har zuwan Turawa. Amma ta kudu, in ka wuce Kebbe ka haye Gulbin Zamfara, ka ratsa daji har ka haye Gulbin Ka, akwai waɗansu mutane da mu kan ambaci sunansu, ba mu san labarinsu ba. Su ne Dakarkari, da maƙwabtansu Fakawa da Dukawa da Kambari.

Ina saurayi na taɓa bin wannan hanya a ƙasa, tare da wani kawuna bafatake, wanda ba ya yarda da mota in dai jaki zai iya kai kayan. Da rani ne, bayan an gama sussuka. Muka ɗaura wa jakuna mangala cike da kanwa da gishiri, ni kuwa aka ba ni gorar ruwa da tabarma da burgamen guzuri, ƙuliƙuli da gari da ɗan barkono. Muka kwana Kebbe, da asuba muka gangara mashigi, ruwa bai kai gwiwa ba. Daga nan fa sai daji, kaɗanya da ɗorawa da marke da taura, sai ka yi rabin yini ba ka ga kowa ba sai Fulani da shanu can nesa. Rana ta uku ruwan gorarmu ya ƙare, muka iske wata ƙorama ta bushe ƙaf, hankalina ya tashi. Sai ga wani tsoho ya fito daga daji da gatari a kafaɗa. Kawu ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ina mu ke samun ruwa a nan?" Bai ce mana kome ba, sai ya bi ƙoramar yana duban itatuwan gefe, har ya kai wani lanƙwaso inda wani ɓaure ya yi duhu, ya durƙusa ya tona yashi kamu guda, ruwa ya tsattsafo. Kawu ya dube ni ya ce, "Yaro, ka gani? Mutanen da a gida a ke kira arna ke nan."

Su ba su kiran kansu Dakarkari. Sunan da suka san kansu da shi Lelna, harshensu kuma C'lela. Dakarkari sunan da Hausawa suka sa musu ne, akwai kuwa labari a kansa. An ce asalinsa daga dakaru ne, watau mayaƙan ƙasa, domin wai su ne dakarun Kanta Sarkin Kabi, wanda ya ɓalle daga hannun Askiya na Sanwai wajen shekara ta 1516, ya gina Surame wadda kufanta ke nan har yau yamma da Sakkwato. Wai daga baya ne suka yi kudu suka hau duwatsu. Ni dai abin da na ɗauka cikin labarin nan shi ne ya yi bayanin suna, bai yi bayanin asali ba. Gama masanan harsuna sun gwada C'lela da Hausa sun ga ba su haɗa kaka ba. Danginsa su ne Dukanci da Kambarci da harshen Gungawan Yawuri. Mutanen da harsunansu suka rarrabu haka, kowane ƙwari da nasa, ba jiya suka zo ba. Ya yiwu ƙwarai waɗansunsu sun yi wa Kanta yaƙi, don mayaƙa ne, amma yi wa sarki yaƙi daban, zama zuriyar bayinsa daban.

Me ya hau da su kan duwatsu? Wannan shi ne wurin da ya kamata mu da ke arewa da Gulbin Ka mu daure mu ji. Farauta ce ta mutane. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya bar ƙasar Sakkwato ya yi kudu, ya kafa Kwantagora wajen shekara ta 1864, ya rasu cikin 1876. Shi da ɗansa Ibrahim, Sarkin Sudan, sun yi shekaru suna kai hari ƙasashen Kambari da Dukawa da Dakarkari da Gwari, a ƙone gari, a kwashe hatsi, a ɗaure mata da yara a kai kasuwa. Waɗanda ke zaune a fili su suka fi shan wuya. Dakarkari kuwa suka daɗa maƙalewa a duwatsunsu, suka jera ganuwar dutse a mashigai inda doki ba ya iya hawa, suka tare ƙasa da jerin duwatsu a gangare suna noma dawa a kai, suna tsaro da baka da kibiya mai dafi. Abin bai tsaya ba sai da sojan Turawa suka ci Kwantagora farkon 1901, shekara biyu kafin su shiga Sakkwato. Cikin 1901 ɗin aka yi shela cewa duk ɗan da aka haifa daga nan gaba ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. In ka bincika gidaje da yawa na ƙasarmu, za ka iske wata kaka da a ke cewa daga kudu aka zo da ita, ba wanda ya riƙe sunan garinsu.

Muka sauka Mahuta ta ƙasar Fakai, muka sayar da rabin kanwarmu, sa'an nan muka ƙarasa Zuru da Dabai. Ƙasar nan sarautu biyar ne aka haɗa: Dabai, da Danko, da Fakai, da Sakaba, da Wasagu. Mai masaukinmu wani manomi ne a wani ƙauye gindin dutse, ya san Kawu tun da daɗewa, yana jin Hausa sarai. A bakinsa na fara jin labarin golmo.

Golmo dai ga yadda ya ke. In yaro ya tasa aka nema masa yarinya, ba kuɗi a ke zubawa ba, ƙarfi a ke biya. Sai ya shiga ƙungiyar samari tsararsa, kowace damina su tafi gonar uban yarinyar su yi noma, yau gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan, har shekara bakwai. Ya yi kama da gayyarmu, sai dai gayya yini guda ce da fura da kiɗa, wannan kuwa makaranta ce. Akwai shugabanni, akwai horo, rago ba shi da wurin ɓuya, wanda ya yi gardama 'yan'uwansa ne za su hukunta shi. Na ce wa mai masaukin, "Baba, shekara bakwai saboda mace ɗaya, ai abin ya yi yawa." Ya yi dariya ya ce, "Ku da ku ke biya rana ɗaya, ba rana ɗaya ku ke saki ba?" Na rasa ta cewa, Kawu kuwa ya yi ta dariya har da tari, don shi kansa aurensa huɗu a lokacin, biyu sun fita.

In an kawar da amfanin gona sai a yi Uhola, babban bikinsu na godiya, a yi rawa da kokawa, a nuna samarin da suka gama golmo da 'yan matan da suka isa aure. Kokawa a wurinsu ba wasan yara ba ce, da ita a ke sanin namiji. Mun makara ba mu iske bikin ba, amma na ga filin, na kuma ga abin da ya fi biki tsaya mini a rai, watau kaburbura. A kan tara ƙasa a kewaye ta da duwatsu, a ɗora tukwane a kai. Ba tukwanen girki ba ne. Mata ne ke gina su musamman, wata da siffar mutum ya ɗaga kai sama baki buɗe, wata da siffar dabba, kowace kuwa tana faɗin ko wane ne ke kwance, ko babban manomi, ko maharbi, ko gwanin kokawa. Wanda ya iya karanta su zai ratsa maƙabarta ya ba ka labarin gari kaf, kamar yadda mu ke karanta allo. Wani jami'in mulki Bature, Mista Haris, ya rubuta al'adun nan cikin 1938. Tun daga sa'an nan Musulunci da addinin Kirista sun shiga ƙasar ƙwarai, masu ginin tukwanen sun ƙaranta, ɓarayi kuma sun kwashe da yawa sun sayar, har a kan gan su a gidajen ajiyar kayan tarihi na Turai. Mai masaukinmu ya nuna mini kabarin kakansa, gurbin tukunya uku na nan, saura ɗaya, ita ma da tsaguwa.

Horon golmo shi ya sa da Turawa suka zo neman soja suka sami abin da su ke so a Zuru. Mutanen ƙasar sun je yaƙin Bama, bayan mulkin kai kuma suka yi yawa cikin sojan Nijeriya har suka kai ƙololuwa. Sani Sami ya yi Gwamnan Bauci daga 1984 zuwa 1985 kafin ya zama Sarkin Zuru, Ishaya Bamaiyi kuma ya shugabanci sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Ashe jikokin waɗanda aka farauta da dawaki su ne suka zo suna ba jikokin mahaya umurni a fagen fareti.

Tsohon nan da ya tona mana ruwa ya kan tuna mini da wani labari na wata ƙasa mai nisa, Ostiraliya, can kudu maso gabas bayan teku. Tsakiyarta daji ne da hamada, mutanenta na asali kuwa baƙaƙe ne, sun fi shekara 50,000 a cikinta kafin Ingilishi su sauka cikin 1788. Cikin watan Agusta na 1860 wani ayari na mutum 19 ya tashi daga birnin Melbon, da raƙuma da dawaki da kaya jibgi, madugunsu Bak, mataimakinsa daga baya Wilis, wai za su ratsa ƙasar daga kudu har tekun arewa. Sun kai bakin fadamun arewa farkon 1861, amma a komowa guzuri ya ƙare musu a wata ƙorama da a ke kira Kufa. Mutanen wurin suka riƙa kawo musu kifi da wainar ƙwayar wata ciyawar ruwa. Bak bai amince da su ba, har ya harba bindiga ya kore su. Da suka koma haɗa ƙwayar da kansu ba su san yadda a ke sarrafa ta ba, kamar dai wanda ya ci rogo mai ɗaci bai jiƙa ba, suna ci ciki na cika jiki na ƙarewa. Bak da Wilis suka mutu wajen ƙarshen Yuni na 1861. Na ukunsu, Kin, ya bi sawun mutanen nan ya ba da kansa gare su, suka ciyar da shi har masu nema suka same shi cikin Satumba. Duk da haka sai cikin 1967 jama'ar Ostiraliya suka jefa ƙuri'a aka yarda a riƙa sa mutanen asali cikin lissafin jama'ar ƙasa, sai kuma 1992 babbar kotunsu ta yarda cewa ƙasar nan da masu ita aka iske ta.

Mu ba teku ke tsakaninmu da Dakarkari ba, gulbi biyu ne, kuma da rani duka a kan haye su da ƙafa. Daga 1976 har 1991 ma jiha ɗaya mu ke da su, kafin a yanke Kabi, Zuru ta bi can, Tambuwal da Kebbe suka tsaya Sakkwato. Kasuwa ta daɗe da haɗa mu, mu kai kanwa da gishiri da shanu, mu ɗauko dawa da man kaɗanya. Amma na tambayi tsarana da yawa a Tambuwal ko sun san abin da Dakarkari ke kiran kansu, ban sami mutum uku da suka sani ba, alhali kowane yaro a Zuru yana gaishe ka da Hausa.

Mun komo ta hanyar da muka bi, jakuna ɗauke da dawa, kwana shida muka yi don nauyin kaya. Kawu ya rasu, hanyar kuma ta mutu. 'Yan bindiga sun shiga dajin nan na tsakanin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, cikin Yuni na 2021 suka kwashe 'yan makaranta a Birnin Yawuri, cikin Maris na 2022 suka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a ƙasar Zuru, ƙauyuka da yawa na fili suka watse. Na aika tambayar ƙauyen mai masaukinmu ta bakin wani mai sayar da hatsi a kasuwar Jega. Ya ce mutanen sun tashi, waɗansu suna cikin Zuru, tsofaffin kuwa sun ƙi bin mota, sun koma tsohon kufansu na kan dutse.