Yaro a Gaban Alƙali: Yadda Masana Halayyar Ɗan Adam Suka Samu Shiga Kotu

Duk ɗalibin da ya shigo wannan fanni namu, inda ilimin halayyar ɗan Adam ya haɗu da shari'a, labarin da ake fara tarbarsa da shi na bindiga ne. A farkon shekarun 1900, a birnin Berlin na Jamus, wani malamin dokokin laifuka mai suna Franz von Liszt yana tsaka da darasi sai gardama ta kaure tsakanin ɗalibansa biyu. Kafin a ankara ɗaya ya zaro bindiga, malam ya yi wuf ya riƙe masa hannu, sai ga ƙara ta tashi. Da ƙura ta lafa aka shaida wa aji cewa shiri ne, aka nemi kowa ya bayyana abin da ya gani, wasu nan take, wasu bayan kwanaki. Ɗaliban shari'a ne fa, kuma a kan idonsu aka yi komai. Wanda ya fi kowa ƙoƙari, kashi 26 cikin ɗari na bayaninsa kuskure ne. Akwai wanda nasa ya kai kashi 80.

Hugo Münsterberg, Bajamushen da ke koyarwa a Jami'ar Harvard, shi ya yayata wannan labari a Amurka cikin littafinsa na 1908, inda ya zargi lauyoyi da alƙalai da toshe kunne ga ilimin da zai gyara musu aiki. Yana da gaskiya, sai dai ya yi azarɓaɓi, ya ɗora wa gwaje-gwajen zamaninsa kayan da suka fi ƙarfinsu. Shekara na zagayowa John Henry Wigmore, gwanin dokar shaida na Jami'ar Northwestern, ya mayar masa da martani a rubuce, ya tsara shi kamar zaman kotu, ya gurfanar da shi ya titsiye shi. Jigon maganar Wigmore shi ne, ina hanyar da alƙali zai bi ya tantance shaidan da ke tsaye a gabansa? Daga nan fannin ya yi sanyi na tsawon shekaru masu yawa. Ni dai har yau da wannan tambaya nake auna duk kundin digirin da aka kawo mini.

Farfaɗowar ta zo ne ta wata ƙofa da kotunan Najeriya ba su da ita. A Amurka akan zaɓo mutanen gari, galibi su goma sha biyu, su saurari shari'a, su keɓe a ɗaki su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin. Su ake kira 'yan juri. A 1954 masu bincike daga Jami'ar Shikago suka ɗauki muryoyin wasu 'yan juri a garin Wichita, da izinin alƙali da lauyoyi amma ba da sanin su masu tattaunawar ba. Da maganar ta fito fili aka yi ca a kansu, har majalisar ƙasar ta haramta yin haka a 1956. Duk da haka aikin bai mutu ba. A 1966 Harry Kalven da Hans Zeisel suka fitar da abin da suka samu daga shari'u 3,576: a kusan kashi 78 cikin ɗari, hukuncin 'yan juri ya zo daidai da wanda alƙali ya ce shi ma zai yanke. Suka kuma lura cewa a tara cikin goma, ɓangaren da ya fi yawa a ƙuri'ar farko shi ke rinjaye a ƙarshe.

Tun da aka rufe mana wancan ɗakin, sai muka koma gina namu, kuma a nan gumin ɗaliban digiri na biyu da na uku ya fi zuba. Za ka tara mutum shida ko goma sha biyu, ka nuna musu bidiyon shari'a, ka shigar da su ɗaki mai kamara, ka fita. Bayan sun watse aiki ke farawa. Ka sa abin sauraro a kunne, ka rubuce duk kalmar da ta fito daga bakin kowa, sannan ka bi jimla bayan jimla kana sa mata lamba: wannan hujja ce daga shari'ar, wannan ra'ayi ne, wannan tunin bayanin alƙali ne. Wani ɗalibin kuma yana yin irin wannan aiki a keɓe ba tare da ya ga naka ba, daga baya a gwada, in kun saɓa da yawa ku sake daga farko. Wanda ya yi wannan zama ba ya manta abin da ya gani. Sau da yawa wanda ya zauna a kan tebur shi ake ɗora wa shugabanci cikin minti ɗaya. Mutum uku ko huɗu su cinye maganar. Can a gefe wata mata ta tuna wani abu da shaida ya faɗa wanda ya wuce kowa, ta ambata sau ɗaya, ba wanda ya tanka, ta ja bakinta ta yi shiru har a tashi. Garold Stasser da William Titus sun tabbatar da wannan a 1985: taro ya fi son juya abin da kowa ya riga ya sani, ya bar abin da mutum ɗaya kaɗai ke riƙe da shi. Yau masu nazarin aikin haɗin gwiwa a asibitoci da kamfanoni da wannan sakamako suke aiki.

Kotun Ƙolin Amurka ma ta taɓa tuntuɓe a nan. A 1970, da ta halatta wa jihar Florida juri mai mutum shida, ta kafa hujja da binciken masana, har da na Solomon Asch, cewa mutum ɗaya a gaban biyar daidai yake da biyu a gaban goma. Alhali akasin haka Asch ya gano. Mutumin da ya tsaya shi kaɗai yakan bi taro ko da idonsa na ganin kuskurensu, amma da zarar ya samu ko mutum ɗaya a bayansa sai ya dake. Masana irin su Michael Saks suka yi ta rubutu a kai, kuma a 1978, da aka zo kan juri mai mutum biyar a Jojiya, kotun ta karanto binciken ta ce a'a.

Ɓangaren yara ya taso ne ta wata hanya dabam. An buɗe kotun yara ta farko a Shikago a 1899, da nufin alƙali ya zama uba mai gyara. Niyya mai kyau ce, amma ta bar yaro ba lauya ba kariya. A 1964 aka kama Gerald Gault, ɗan shekara 15 a Arizona, bisa zargin yi wa wata maƙwabciya batsa ta waya, aka tura shi gidan horo har sai ya cika 21. Da babba ne, iyakarsa tarar dala 50 ko wata biyu a kurkuku. A 1967 Kotun Ƙoli ta ce yaro ma yana da haƙƙin lauya da haƙƙin yin shiru. Sai Thomas Grisso ya zo da wata tambaya: in ɗan sanda ya karanta wa yaro haƙƙoƙin nan, yana gane su kuwa? Sakamakon da ya fitar a 1980 ya nuna kashi 55 cikin ɗari na yaran sun kasa fahimtar aƙalla ɗaya daga cikin gargaɗin, manya kuwa kashi 23.

Shekarun 1990 sun zo da tsoro. Wani masani, John DiIulio, ya yi hasashen ɓullar wasu matasa marasa imani da za su addabi ƙasar, jihohi suka yi ta sauya doka ana kai ƙananan yara kotun manya. Hasashen bai tabbata ba, laifukan matasa raguwa ma suka yi, shi kansa daga baya ya janye. A cikin wannan yanayi Gidauniyar MacArthur ta haɗa masana ƙarƙashin Laurence Steinberg na Jami'ar Temple. Bincikensu na 2003, kan mutane wajen 1,400, ya nuna ɗaya cikin uku na 'yan shekara 11 zuwa 13, da ɗaya cikin biyar na 'yan 14 zuwa 15, ba su fi manya masu taɓin hankali da kotu ke cewa ba su isa a yi musu shari'a ba fahimtar abin da ake ciki.

Aikin da na fi son koyarwa ya fito a 2005, daga hannun Margo Gardner, ɗalibar Steinberg. Wasan kwamfuta ne kawai. Mota na tafiya, danja ta nuna ruwan ɗorawa, kai za ka zaɓi lokacin taka birki. Muddin kana tafiya maki na ƙaruwa, amma ba ka san lokacin da bango zai ɓullo ka yi karo ka rasa makin ba. Mutum 306 suka buga, wasu su kaɗai, wasu da sa'o'insu biyu a gefe. Manya, da 'yan kallo da babu, tuƙinsu ɗaya. Ɗaliban jami'a kasadarsu ta ƙaru da rabi. 'Yan shekara 13 zuwa 16 kuwa ta ninka. Mu da muka tashi da jin cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai za mu ce ai mun sani, mugun aboki ne ke zuga yaro. Sai dai a 2011 Jason Chein da abokan aikinsa suka maimaita gwajin da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, abokan suna wani ɗaki suna kallo ba halin su sa baki, kasadar ta sake ƙaruwa, sassan ƙwaƙwalwa masu kwaɗayin lada suka ƙara motsi. Sanin cewa ana kallonsa kawai ya isa. Tunda kuma galibin laifukan matasa a gungu ake aikata su, a nan nazarin taro da nazarin tasowar yaro suka haɗu a bakin ƙofar kotu.

A watan Maris na 2005 Kotun Ƙoli, da alƙalai biyar a kan huɗu, ta haramta hukuncin kisa a kan laifin da aka aikata kafin shekara 18. Shari'ar Christopher Simmons ce, wanda yana ɗan 17 ya shirya kisan wata mata a Misuri. Laifin mummuna ne, ba mai musu. Dalilan kotun uku ne: rashin nunar hankali, saurin bin matsin abokai, da kasancewar hali bai gama ƙafuwa ba. A 2010 da 2012 ta taƙaita ɗaurin rai da rai a kan yara. A shari'ar Simmons, Alƙali Antonin Scalia ya yi suka mai zafi, ya ce ƙungiyar masana halayya ta Amurka da ke cewa yara ba su nuna ba, ita ce a shari'ar 1990 ta ce 'yan mata sun isa yanke shawarar zubar da ciki ba da sanin iyaye ba. Sukar ta cancanci amsa, kuma an ba ta a 2009 da bincike: iya tunani a natse yakan kai na manya wajen shekara 16, amma riƙe kai a cikin zafi da gaban abokai sai an haura ashirin.

Fannin yana da iyaka, kuma wajibi ne mu riƙa faɗa. Muna iya bayani a kan matasa a jimlace, amma babu gwajin da zai nuna wa alƙali cewa wannan yaron na gabansa zai shiryu ko ba zai shiryu ba. Abin da muke da shi shi ne cewa mafi yawa suna dainawa. An bi matasa 1,354 masu manyan laifuka a Filadelfiya da Phoenix tsawon shekara bakwai, kaɗan ne suka ɗore a kan ta'asa.

Da aka gwada batun nunar hankali a ƙasashe 11 a 2019, an samu irin wannan tazara tsakanin iya tunani da riƙe kai, amma Kenya ce kaɗai daga Afirka a cikinsu. Alhali maganar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malaman fiƙihu tuntuni suka raba balaga da rushdu, ba a miƙa wa maraya dukiyarsa don jikinsa ya girma sai an jarraba hankalinsa. Dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Amma a Nuwamban 2024 duniya ta ga yaran da aka kamo lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa suna faɗuwa a babbar kotun tarayya a Abuja, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakinsu.

Saboda haka kirana ga ɗalibanmu masu neman abin da za su rubuta kundi a kai: ku je inda yaran suke. Ku auna abin da ɗan shekara 14 ke ganewa idan aka karanta masa bayaninsa da Turanci a caji ofis aka ce ya dangwala. Ku binciki yadda ake ƙiyasta shekarun wanda ba shi da takardar haihuwa. Ku nemi izini ku zauna da yaran gidan horo na Kakuri a Kaduna, ku ji su nawa ne suka yi laifin su kaɗai. Ku yi shi da Hausa, ku ƙirga da kyau, sannan ku kai wa alƙalai da majistarori abin da kuka samu a takardar da za su iya karantawa.