Sauyin yanayi: Me ya sa ya fi shafar matan gaɓar Kainji?

Garin Warra da ke ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi, da Yauri da Shanga, duk sun dogara ne ga kogin Kwara da tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968.

Gungawa da Kambari da Hausawan yankin na noman shinkafa da albasa da gero, suna kuma kamun kifi.

Rabon aiki

Galibi maza ne ke riƙe da gonakin fadama da jiragen su. Mata kuwa su ne ke turara shinkafa, da bandar kifi, da kiwon awaki, da ƙananan saye da sayarwa.

Saboda haka idan ambaliya ta cinye gona, kamar yadda ta yi wa shinkafar Kebbi a 2020 da 2022, namiji kan yi asarar amfanin shekara, mace kuma ta rasa abin sana'a da jarinta baki ɗaya.

Magidanci kan iya tafiya ci-rani. Matarsa ce ke zama da yara da tsofaffi, da neman itace da ruwa mai tsabta.

Haɗarin bai tsaya a gona ba. A watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa ya nutse kusa da Warra, mutane da dama suka rasu, ciki har da mata da yara.

Inda gizo ke saƙa

Duk da cewa Musulunci ya bai wa mace gado, sau da yawa gonar na zama a hannun 'yan'uwanta maza.

Shi kuwa rance, irin na shirin noman shinkafa da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi a 2015, yakan bi mai gona ne. Haka ma ƙididdigar ɓarna: akan auna hekta, ba a ƙirga buhun da ya jiƙe a ɗakin mai turara.

Mafita

A 2020 Najeriya ta amince da wani tsari na ƙasa kan jinsi da sauyin yanayi.

Amfaninsa a Warra zai dogara ne kan abubuwa na zahiri: rajistar mata da sunayensu, malaman gona mata da za su shiga gidaje, hasashen damina da Hausa ta rediyo, rumbuna a kan tudu, da kujera ga mata a kwamitocin rabon tallafi.