Sunayen Ma'ajiyar Kwamfuta da Tarihin da Ke Cikinsu

1.0 Gabatarwa

Masana harshe sun daɗe da lura cewa suna yakan fi abin da aka raɗa wa shi tsawon rai. Alal misali, Hausawa sun ɗauki sunan faifai, wanda mata ke saƙawa don rufe ƙwarya, suka ba faifan garmaho, daga bisani suka ba sidi. Wannan maƙala za ta bi tarihin ma'ajiyar kwamfuta, watau na'urorin adana bayanai, don a ga yadda sunayensu suka wanzu bayan su kansu sun shuɗe.

2.0 Daga Kati Zuwa Faifai

Ma'ajiya ta farko kati ce mai huji-huji. Herman Hollerith ya yi amfani da irin wannan kati wajen ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890. A 1951 aka soma adana bayanan kwamfutar UNIVAC a kan zare mai maganaɗisu, ɗan'uwan zaren kaset. Aibin zare shi ne sai an warware shi kafin a kai ga abin da ake nema.

Kamfanin IBM ya magance wannan a 1956 da na'urar RAMAC, mai fayafai 50 na ƙarfe, kowanne faɗinsa inci 24, waɗanda gaba ɗaya suke ɗaukar haruffa kimanin miliyan 5. Injin da ke juya zare ko faifai shi Turawa suka kira drive, ma'ana abin da ke tuƙawa. A 1973 kamfanin ya fito da samfurin 3340, wanda aka tsara da ma'aji biyu masu megabait 30 kowanne. Wannan 30-30 ya yi daidai da lambar wata bindiga ta Winchester, saboda haka aka shekara da shekaru ana kiran irin wannan faifai da sunan bindiga.

3.0 Sunan da Ya Rabu da Ma'anarsa

A 1971 IBM ya fito da faifai mai inci 8 na roba mai lanƙwasuwa, aka kira shi floppy, watau mai laushi. Samuwarsa ce ta sa sunan faifai mai tauri ya kafu ga na ƙarfe, don a bambanta su. Da kamfanin Sony ya ƙera mai inci 3.5 a farkon shekarun 1980, cikin gida mai tauri ya sa shi, amma sunan laushi bai bar shi ba. Bugu da ƙari, an keɓe wa masu laushi haruffan A da B, shi ya sa babbar ma'ajiyar kwamfuta mai aiki da Windows take amsa harafin C, alhali Sony ya daina ƙera su tun 2011.

Haka labarin filash yake. Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980, kuma sunan ya samo asali daga walƙiyar kyamara, saboda saurin goge abin da ke ciki. Babu abin da ke juyawa a cikinsa, duk da haka Turawa suna kiransa drive.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa suna yana wanzuwa, na'ura tana mutuwa, kuma mutuwarta kan tafi da abin da aka ba ta ajiya. A 1986 gidan rediyon BBC ya tattara bayanan rayuwar mutanen Birtaniya a kan faifan leza, don cikar shekara 900 da rubuta littafin Domesday na 1086. Kafin 2002 injinan karanta faifan sun yi ƙaranci, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka ceto bayanan. Shi kuwa littafin, da aka rubuta a kan fata, ana iya karanta shi da ido kawai. Wannan ishara ce ga manazarcin da ya tara waƙoƙin baka da hirarrakin dattawa a kaset ko sidi: matuƙar bai riƙa kwafe su zuwa sabuwar ma'ajiya ba, wata rana zai riƙe faifan a hannu ya rasa injin da zai saurare shi.