Farfesa Iya Abubakar da Lissafin Girgizar Ƙasa

In ka ambaci Iya Abubakar a zauren dattawan Unguwar Sarki ko Unguwar Rimi a nan Kaduna, abin da za a fara ce maka shi ne ministan tsaro na Shagari a 1979, wanda Makarantar Horar da Hafsoshi ta garin nan ke ƙarƙashin ma'aikatarsa. Wani ya tuna maka shi ne shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, shekarar da sojoji suka harbe ɗalibai a Samaru. Da wuya ka sami mai faɗa maka aikinsa na ainihi.

An haife shi a Belel ta ƙasar Adamawa a 1934. Ya yi Kwalejin Barewa, wadda ta zauna Kaduna daga 1938 kafin ta koma Zariya a 1949, sannan Ibadan, sannan Jami'ar Kambirij a Ingila, inda ya sami digirin dakta a 1962.

To, me ya bincika? Idan ƙasa ta girgiza, motsin yakan ratsa duwatsu kamar yadda igiyar ruwa ke ratsa tafki, ya bugi doron ƙasa ya dawo. Da doron shimfiɗaɗɗe ne sumul, da lissafin bai yi wuya ba. Amma ƙasa tudu ce da kwari, kuma a nan cikakkiyar amsa ba ta samuwa. Dabarar ita ce a fara ɗauka babu tudun, a fitar da amsa, a ƙara gyara kaɗan saboda tudun, a sake ƙara wani gyaran a kan na farko, har kuskuren da ya rage ya zama bai taka kara ya karya ba. Mai gyaran rubutu ya san irin wannan haƙuri. Bambancin kawai, mai lissafi dole ya san girman kuskuren da ya bari.

A 1967 ya karɓi shugabancin sashen lissafi a Zariya, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke. Mulki ya janye shi daga allo a 1975, siyasa kuma ta kai shi har Majalisar Dattawa daga 1999 zuwa 2007. Takardunsa na 1962 kuwa suna nan cikin mujallun masana, da Turanci, ba mu kuwa taɓa cin karo da wanda ya mai da su Hausa ba.