Kawar: faɗin ƙasa, ƙarancin jama'a da tarihin ayarin gishiri

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta ba gundumar Bilma, a jihar Agadas, mutum 17,935, a cikin faɗin ƙasa mai murabba'in kilomita 296,279. Ke nan kusan rubu'in ƙasar Nijar na ɗauke da kamar mutum ɗaya daga cikin kowane dubu na ƴan ƙasa. In an raba, kowane mutum zai samu murabba'in kilomita 16 da ɗoriya. A ganinmu wannan lissafi yana ɓatar da mai bincike, domin ba a warwatse mutanen suke ba. Suna dunƙule ne a gindin tsaunin Kawar, wanda ya miƙe daga arewa zuwa kudu wajen kilomita 150, inda ruwa yake kusa da doron ƙasa: Segedin, Anai, Dirku, Bilma. Sai Fashi daga yamma, a tsakiyar Tenere, da Jado can arewa. Sauran duk rairayi ne da duwatsu.

Ruwan sama a Bilma bai kai milimita 20 a shekara ba. Amma ba ƙishirwa ce ta taƙaita yawan jama'a ba, tun da akwai idanun ruwa da garake. Abin da ya taƙaita shi hatsi ne. Kawar na da gishiri da kanwa da dabino, ba ta noma gero. Barebari da Tubawa da ke zaune a can sun dogara da ayarin Abzinawa, musamman Kel Ewe, wanda ke tasowa daga Abzin wajen watan Oktoba, raƙuma ɗauke da hatsi da kuma ciyawar da za su ci a hanya, saboda Tenere ba ta da kiwo. A sauke hatsi, a ɗauki kantu da beza da dabino, a gangara da su kasuwannin Damargu da Damagaram da Tasawa har Kano, inda za a sayo hatsin baɗi. Don haka muke cewa rumbun Bilma a ƙasar Hausa yake. Duk shekarar da ayari ya yanke, ko don hari ko don fari, kamar na 1973-1974 da na 1984-1985 da suka kashe raƙuma, garuruwan Kawar su ne ke fara ji a tukunya.

Hanya ta biyu, mai bi daga Fezzan zuwa tafkin Cadi, ita ce ta sa sunan Kawar cikin littattafai. Marubutan Larabawa sun ce Ukba bin Nafi'u ya iso nan wajen shekarar 666, al-Idrisi kuma ya ambaci alif ɗin Kawar a ƙarni na 12. Sarakunan Kanem da Borno sun riƙe wannan hanya, wadda bayi masu yawa suka mutu a kanta (abin da tarihin baka ba ya son tsayawa a kai). Denham da Clapperton sun ratsa ta a 1823, Nachtigal a 1870, sojojin Faransa suka zauna Bilma a 1906. Kufan Jado, garin da aka watse aka bar wa masu zuwa girbin dabino, shaida ne cewa wuraren zama sun taɓa fin na yanzu.

Matsalar da ke gabanmu ita ce ƙidaya na kama mazauna, ba ta kama masu wucewa. Zinariyar da aka gano a Jado a 2014 ta jawo dubban mahaƙa, har hukuma ta rufe wurin a 2017. Dirku kuwa ta cika da matafiya zuwa Libiya, kafin dokar 2015 ta hana jigilarsu, dokar da aka soke a watan Nuwamba na 2023. Babu ɗayansu cikin 17,935 ɗin nan, alhali da wannan adadi ake auna yawan likitoci da malaman makaranta da rijiyoyin da za a ba gundumar.