Tsira da Bunƙasar Ƙananan Sana'o'i a Sabon Gari da Samaru, Zariya: Waiwaye Kan Tarihi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba abin da ke sa sabuwar sana'a ta kafu ta ɗore a wani wuri, wata kuma ta mutu tun ba ta yi ƙwari ba. Galibi idan aka zo wannan magana akan ɗora laifin a kan ƙarancin jari. Ni kuwa a ganina tarihin Sabon Gari da Samaru yana nuna abubuwa biyu da suka fi jari nauyi: wane ne ya tsaya wa mai sana'a, sa'an nan ta ƙofa nawa masu sayen kayansa suke zuwa.

Sabon Gari: Reluwe da Auduga

Turawa sun kafa mulkinsu a Zazzau cikin 1902, amma ciniki bai sauya kama sosai ba sai da hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya ta zarce Kano a 1911. A kusa da tashar nan ne Sabon Gari ya tashi, ya zama mazaunin baƙi: leburori da akawuna da 'yan tireda, Yarbawa da Ibo da Nufawa, har da Hausawan wasu garuruwa. Ƙungiyar noman auduga ta Ingila, wadda aka fi sani da BCGA, ta kafa injin gurza a Zariya, kamfanoni irin su John Holt da Kamfanin Neja kuma suka buɗe kantuna. Daga baya aka ja ƙaramin layi zuwa Jos, wani kuma ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929.

A wannan zamani hanyar da ƙaramin ɗan kasuwa ya fi samun shiga ita ce ya zama yaron kanti. Kamfani ya ba shi kuɗi ko kaya bashi, ya shiga ƙauye ya sayo auduga ko gyaɗa, ya kawo a auna. Ta haka mutum kan fara ciniki ba da kuɗinsa ba, amma fa wuyansa yana hannun mai kanti. Da farashin amfanin gona ya faɗi a duniya daga 1929, shekarar da manyan kamfanoni biyu suka haɗe suka zama UAC, sai gasar saye ta ragu, bashi ya yi wuya. Wanda duk cinikinsa ya rataya ga kanti ɗaya da kaka ɗaya, shi ya fi jin jiki. Hukumar cinikin auduga da aka kafa a 1949 ta yanka farashi tsayayye, amma ta mai da lasin saye ya zama mabuɗin arziki, wanda kuwa ba kowa ke samunsa ba.

Sabon Gari ya sha wasu girgizar bayan wannan. An rufe layin Jos a 1957, motocin ɗaukar kaya kuma suka riƙa janye lodi daga jirgi. Rikicin 1966 ya sa Ibo masu yawa suka bar rumfunansu suka koma gida, wasu ba su dawo ba sai bayan yaƙi ya ƙare a 1970. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, darajar naira ta karye. Duk da haka kasuwar ba ta mutu ba, domin kafin nan ta riga ta zama wurin sari ga ƙasar Giwa da Maƙarfi da Soba da sauransu, ga kuma ma'aikatan kamfanin taba da aka buɗe a 1959, da sojojin bariki, da ɗaliban makarantu. In wata ƙofa ta rufe, wata tana buɗe.

Samaru: Gari a Inuwar Jami'a

Labarin Samaru dabam ne. Tashar binciken aikin gona ce aka kafa a nan cikin 1922, daga baya kwaleji ta zo, sa'an nan Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe ranar 4 ga Oktoba, 1962. Garin ya girma ne daura da ƙofar jami'a, a bakin hanyar Funtuwa, yana ciyar da ma'aikata da ɗalibai. Masu gidajen haya, masu abinci, teloli, masu wanki da guga, masu buga takardu da ɗinkin littafi, duk abincinsu a nan yake.

Fara sana'a a irin wannan wuri yana da sauƙi, gama ga masu saye nan a tare, kuma tebur ɗaya ya isa. Amma cinikin yana bin kalandar makaranta da ranar biyan albashi. Lokacin ƙarin albashin Udoji, a 1975, kuɗi ya yawaita a hannun ma'aikata. Bayan 1986 kuwa albashin ya rasa auki. In aka tafi hutu gari ya yi tsit. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2020, wanda ya haɗu da kullen annobar korona, da na 2022 da ya ɗauki wata takwas, sun nuna iyakar wannan dogaro: hayar shago tana tafiya, masu saye ba su nan, jari ya koma kuɗin cefane. Abin da kanti ɗaya ya yi wa yaron auduga a 1930, shi ƙofa ɗaya take yi wa mai shagon Samaru.

Ubangida, Adashi da Gado

Saura batun wanda ke tsaya wa mai sana'a. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a Lardin Zazzau a 1949 da 1950, ya nuna a littafinsa The Economy of Hausa Communities of Zaria cewa magidanta da yawa suna haɗa noma da wata sana'a, kuma barantaka tana da babban matsayi a ciniki. Ubangida yakan koya wa yaro kasuwa, ya ba shi kaya, ya tsaya masa wajen masu ba da bashi. Ibo ma suna da tasu hanyar: yaro ya yi shekaru yana hidima, maigida ya sallame shi da jari. Wanda ya fito ta nan yana fara sana'a da sanin kaya da sanin mutane, abin da banki ba ya bayarwa. Haka kuma binciken Emmy Simmons a ƙauyukan Zariya cikin shekarun 1970 ya nuna yadda matan aure ke riƙe sana'ar fura da ƙuli-ƙuli da ƙosai daga cikin gida da ɗan jari ƙalilan, yara suna yi musu talla.

Sai dai abin da ke raya sana'a ba kullum yake girmar da ita ba. Adashi yana iya cike rumfa, ba ya iya sayen injin masana'anta. Sa'an nan tun da dukiyar ciniki da ta gida a aljihu ɗaya suke, kuma amana da sunan mutum aka ƙulla ta, sau da yawa ranar da maigida ya rasu aka raba gado, ranar ce kantin yake watsewa. Shari'a ba ta hana magada su bar rabonsu a haɗe su yi tarayya ba. Abin da akan rasa shi ne rubutaccen lissafi da shiri tun mai abu yana da rai.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ina ganin duk shirin da gwamnati ko banki za su yi na raba rance ga matasa, in ya tsaya ga miƙa kuɗi kawai, to, ya bar abin da tarihi ya koyar. Ya kamata a tambayi mai neman rance a hannun wa ya koyi sana'ar, su wa za su saya in jami'a ta rufe, kuma wa zai riƙe littafin lissafi in ba ya nan. Ga masu nazarin tarihi kuwa akwai aiki a gaba: tsofaffin 'yan kasuwar Sabon Gari da suka ga zamanin awon auduga suna ƙarewa, ya kamata a je a ɗauki bayaninsu tun suna raye.