Me ya sa ganuwar Kano ta koma tudu?

'Yan'uwa marubuta, in ganuwa ta shigo labarinmu, sai mu ce zamani ya cinye ta, mu wuce. Ni dai wannan bai ishe ni ba. Ku fito daga Kabara ku nufi Ƙofar Na'isa, ku duba abin da ya rage: a wurare da dama ba bango ba ne, tudu ne mai gangara.

Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ta, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa. Da Turawa suka zo a 1903, sun tarar da gindinta ya kai ƙafa 40 kauri. Kaurin nan ba ado ba ne, maginan sun san halin ƙasa.

Ku zuba busasshen yashi a faranti. Zai taru har gefensa ya kai kusurwar kimanin digiri 34, daga nan duk abin da aka ƙara sai ya zame. Wani sojan Ingila, Ralph Bagnold, ya yi bayanin haka a littafinsa kan yashin hamada a 1941. Jar ƙasar da aka kwaɓa ta bushe takan tsaya a miƙe ne don yumɓu ya ɗaure ƙwayoyinta. Ruwan sama na kwance ɗaurin, sai su gangaro su taru a gindi.

Shi ya sa a da ake yi mata aikin gayya bayan damina. Da aka daina, aka kuma shiga ɗibar ƙasarta ana gini, kowane kwando da aka yashe daga gindi sai ya janyo na sama.